Wasannin Buɗe Zama da Ɗalibai a Farkon Shekara: Jagora ga Malaman Shawara a Kaduna

Watan Satumba ya kama, an koma makaranta. 'Yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare sun shigo da sabon yunifom mai yi musu yawa, wasu daga Rigasa, wasu daga Kakuri, wasu kuma iyayensu ba su daɗe da tasowa daga Birnin Gwari ko Giwa ba. Yanzu ne malamin shawara yake haɗa ƙananan rukunoni: na sababbin ɗalibai, na masu maimaita aji, na 'yan makarantar kwana da kewar gida ta hana su barci, na 'yan ajin ƙarshe da WAEC da NECO suka tsaya musu a rai. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a samar da masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, amma har gobe mutum ɗaya za ka tarar yana riƙe da ɗaruruwan yara, ga kuma darasin da yake koyarwa. Ganin yara ɗaya bayan ɗaya ba zai kai shi ko'ina ba. Dole sai da rukuni, rukuni kuwa da wasa ake buɗe shi.

Malam ko Malama, kafin ka zaɓi kowane wasa, yi wa kanka tambaya ɗaya: me wasan nan yake nema yaro ya fito da shi daga cikinsa? Yaron da aka rena da kunya, aka koya masa kada ya haɗa ido da babba, kada ya kai maganar gida waje, ba zai zo ranar farko ya zazzage maka cikinsa ba. In ka matsa, ko ya yi gum, ko ya ƙirƙiro abin da zai rabu da kai, mako na gaba kuma ka neme shi ka rasa. Saboda haka aka jera wasannin nan daga wanda ba ya neman komai zuwa wanda yake ɗan taɓa zuciya. Biyar ko shida da ka iya juya su sun ishe ka zango guda.

Kafin a zauna

Yara 6 zuwa 8 sun isa rukuni. In 'yan firamare ne, 4 zuwa 6. Kada a haɗa siniya da juniya, domin ƙaramin ba zai buɗe baki a gaban wanda zai iya sa shi tsallen kwaɗo gobe ba. 'Yan aji ɗaya ana iya haɗa maza da mata, amma daga aji uku zuwa sama raba su ya fi, musamman in za a taɓo maganar balaga.

Ka ga kowane yaro shi kaɗai na minti 5 kafin ka sa shi. Ka gaya masa abin da za a riƙa yi, ka tambaye shi ko yana so. A nan za ka gano wanda damuwarsa ta fi ƙarfin rukuni, da biyun da ke gaba da juna tun daga unguwa. Sannan ka nemi izinin shugaban makaranta, ka aika wa iyaye takarda da Hausa da Turanci. Kada ka sa wa rukunin sunan matsalar da ta haɗa su. Duk ranar da aka ji monita yana shela a bakin aji cewa "marayu su fito" ko "masu faɗuwa jarrabawa su je ofis", rukunin ya mutu. Bar yaran su raɗa masa suna da kansu.

Lokaci: minti 35 zuwa 40, sau ɗaya a mako, rana ɗaya tsayayya. Kada ka cinye musu lokacin tara, wasu a nan suke karya kumallo. Bayan tashi ma ba ya yiwuwa ga masu Islamiyyar yamma da masu taya iyaye sana'a, Juma'a kuwa gajeruwar rana ce. Gara ka zauna da mai tsara jadawali a riƙa juya darasin da za su rasa. Wurin zama ya kasance ana hango ku amma ba a jin ku. Gindin bishiya yana yi, sai dai damina ba ta gama tafiya ba, ka tanadi laburare ko wani aji da babu kowa. Ofishin malamai bai dace ba ko kaɗan. A zauna a da'ira, kai ma a cikinta, ba bayan tebur ba, kuma bulala ta tsaya a waje.

Zaman farko: suna da doka

Ka zo da ƙwallon tsumma. Wanda ƙwallon ke hannunsa shi ke da magana, wanda aka jefa wa kuma bai shirya ba yana da ikon cewa "na wuce" ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ka fara nuna musu da kanka: a jefo maka, ka ce "na wuce", su ga ba laifi ba ne. Wannan 'yar kalma ita ce ke sa yaro mai kunya ya sake dawowa.

Zagaye na farko tambaya ɗaya ce: "Wane suna kake so mu kira ka da shi a nan?" Sunan rajista daban, sunan da yaro ke amsawa da daɗin rai daban. Akwai Abba da Ummi da Walida da ake sakaya sunansu saboda sunan kakanni suka ci, akwai kuma wanda aka laƙaba wa sunan tsokana tun firamare yana neman inda zai sauke shi. Sunan da ya faɗa, shi kaɗai za a riƙa kira. Zagaye na biyu, ga mai so: "Me ka sani game da sunanka?" A Kaduna wannan zagaye yana yin wani aiki na musamman. Ladi da Ɗanladi, Talatu, Lami, Jummai, Asabe, duk sunayen rana ne da ake samu a gidan Musulmi da na Kirista. Yarinyar Tudun Wada da ta Sabon Tasha sai su gano kakanninsu suna ɗaya gare su, ba kai ka gaya musu ba.

Daga nan sai doka. Jefa musu kacici-kacici: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." In sun ce tsintsiya, ka fito da sabuwa ka kwance ta, kowa ya zari tsinke ɗaya. Mai ƙwallo ya faɗi abu ɗaya da yake buƙata don ya saki jiki a zaman, ya ajiye tsinkensa a tsakiya. Za ka ji "kada a yi min dariya", "kada a kai maganata aji", "kada a katse ni". Ka rubuta a kwali da kalmominsu, ba naka ba, a tace su zuwa 4 ko 5, a ɗaure tsinkayen da zare, a riƙa ajiye ɗaurin a tsakiyar da'ira kowane zama. Dokar da yaro ya kafa da bakinsa ta fi saurin kama shi.

Maganar sirri kuwa kai za ka yi ta, ɓaro-ɓaro: "Yarana, abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Amma in na ji wani yana cutar da ɗayanku, ko ɗayanku yana shirin cutar da kansa ko wani, dole in nemo taimako, kuma shi zan fara gaya wa kafin kowa." Ka ƙara da cewa bakinka kaɗai kake iya lamuncewa, ba na sauran yara ba, don haka babbar magana a same ka da ita kai kaɗai. Kada ka taɓa yin alkawarin rufe komai da komai. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara da walwalarsu tun 2018, kuma cin zarafin yaro ba abin da malami zai binne ba ne.

Tambayoyi uku bayan kowane wasa

Wasa minti 10 ne, sauran lokacin na magana ne. In aka yi dariya aka watse, an yi nishaɗi kawai. Da an gama a koma da'ira, ka tambaya a jere: Me ya faru? Yaya kuka ji? A ina irin wannan yake faruwa da ku a makaranta? Ta farko kowa zai iya amsawa, ta ukun ce ake nema. In ka yi tambaya aka yi shiru, ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake magana. Mu malamai shiru yana ba mu tsoro, sai mu yi maza mu cike shi da wa'azi.

Zama na biyu: Kwandasta

A jera kujeru a da'ira, a rage ɗaya. Wanda ya rasa kujera shi ne kwandasta, ya tsaya a tsakiya ya yi kira kamar a tasha: "Kawo! Kawo! Motar nan ta masu son ɗanwake ce!" Duk mai son ɗanwake ya tashi ya sauya kujera, kwandasta ma ya nemi tasa, wanda ya rage a tsaye ya karɓi aiki. Ba mai fita, ba mai cin wasa.

Daɗin wannan wasa shi ne ana iya ƙara masa zurfi kaɗan-kaɗan. Yau abinci ne da launi da ƙungiyar ƙwallo. Bayan mako biyu, in ka karɓi kwandastanci, sai ka ce motar ta waɗanda suka taɓa ɓata a makarantar nan suna neman ajinsu ce, ko ta masu faɗuwar gaba in malamin lissafi ya shigo. Yaron da ya ɗauka shi kaɗai ne sai ya ga rabin da'ira ta miƙe tare da shi.

Tun farko ka gaya musu motocin da ba sa tashi a tashar nan: ta addini, ta ƙabila, ta unguwa, ta sana'ar uba, ta yawan kuɗin tara. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 zaman garin nan ya rabu, akasarin Musulmi a arewacin kogi, akasarin Kirista a kudu, har yara da yawa suka tashi ba su da maƙwabci na wani addini. Makaranta ce wurin haɗuwarsu na farko. Wasan da zai sake jera su gida-gida ba shi da amfani a nan. Ana neman wanda zai nuna musu layukan da suka ratsa ta tsakaninsu. Wasan barkwanci irin na Kanawa da Zazzagawa ko Fulani da Barebari ma a jinkirta shi, sai an saba ake gane wasa.

In akwai mai sanda ko keken guragu, ko manyan 'yan mata da ba sa son turereniya, a bar sauya kujera: wanda motar ta shafa ya ɗaga hannu, ko ya tako ɗaya cikin da'ira ya koma.

Zama na uku: Sararin sama

Tambayi ɗan Hausa "Yaya kake?", amsar "Lafiya lau" ce ko da bai runtsa ba jiya. Saboda haka kada ka tambaya. Zana hotuna huɗu a kwali ko a ƙasa: rana, yayyafi, hadari, hazo. Kowa yana da murfin kwalbar lemo da ya yi wa alama. Da an shigo, ya ɗora murfinsa a kan yanayin da zuciyarsa take ciki yau. Ba dole ya yi bayani ba. Kai ma ka ɗora naka, kuma kada kullum ya zama rana, yara suna gane ƙarya.

Daga wannan zama, da shi za a riƙa buɗewa kullum, minti 3 ya isa. Sannu a hankali ka riƙa ba su kalmomi: wannan hadarin, haushi ne ko fargaba? Hazon nan, kewa ce ko rashin sanin abin yi? Takaici daban, ɓacin rai daban, kuma yaron da ya iya bambancewa ya fi wanda duk abin da ya ji sai ya kai hannu. Wanda ya fi sakewa da Turanci ko da harshen gidansu, bar shi ya faɗa da shi. Kai kuma ka riƙa lura: murfin da ya yi zama uku a jere a kan hadari, mai shi yana buƙatar ganinka shi kaɗai.

Wajen mako na uku ko na huɗu za ka ga an fara gardama, wani yana mamaye magana, biyu sun haɗa kai suna zunɗe. Kada ka ɗauka rukunin ya lalace. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bayyana tun 1965 cewa rukuni yakan bi matakai: haɗuwa, saɓani, daidaitawa, sannan aiki. Saɓanin alama ce ta sun fara sakin jiki. Maganinsa wasan da ba ya ciwuwa sai da haɗin kai. Mafi sauƙi shi ne ƙirga 20: kowa ya dubi ƙasa, a ƙirga daga 1 zuwa 20 ba tsari, ba nuni, in biyu suka yi magana tare a koma farko. Za su faɗi sau da yawa, kuma mai yawan surutun da kansa zai gano shi ne ke mayar da su baya. Akwai kuma tsallaka kogi: a ja layi biyu, tsakaninsu Kogin Kaduna ne da kadojinsa, a ba su kwali uku su ƙetare gaba ɗaya ba wanda ya taka ƙasa. Wannan yana sa riƙe juna, sai rukunin maza zalla ko mata zalla.

Zama na huɗu: Tatsuniyar karɓa-karɓa

Nan ne aikin yake. Ka riƙe ƙwallo ka ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Su amsa, "Ta zo mu ji ta." Sai ka ɗauko: wata yarinya ce aka kai sabuwar makaranta, ba ta san kowa ba, ranar farko da aka tashi tara ta fito ta tsaya a bakin aji. Ka tsaya nan, ka jefa ƙwallo. Kowa ya ƙara jimla ɗaya ko biyu ya miƙa. Sunan yarinyar kada ya zo ɗaya da na kowa a rukunin. In ƙanana ne, Gizo za a kai makarantar, su sha dariya, amma abin da za su ɗora masa nasu ne.

Abin da yaro ba zai taɓa cewa ya same shi ba, zai ce ya sami yarinyar tatsuniya. Wani zai ce wata siniya ta ƙwace mata kuɗi. Wata za ta ce takalminta ya tsinke tana jin kunya. Wani zai ce da ta koma gida ba wanda ya tambaye ta yaya makaranta. Kai naka sauraro, da tambaya biyu kacal in labari ya tsaya: "Sai me ya faru?" da "Wa ta gaya wa?" Ta biyun tana da muhimmanci, don amsarta ce ke nuna maka wanda yaran suka amince da shi a makarantar, da kuma ko akwai shi ma.

Babban kuskure shi ne ka juya ka ce, "Ke ce wannan ko?" Ko da ka tabbata ita ce, kada ka yaye mata mayafin da ta ɓuya a ciki a gaban ƙawayenta. Ka riƙe a ranka, ka neme ta daga baya da wata hujja. In labarin ya nufi wuri mai nauyi, duka mai tsanani ko wani babba da ke kiran yarinyar ɗakinsa, kada ka nuna razana, kada kuma ka bari a yi ta ƙawata shi. Karɓi ƙwallon ka ce, "To, mu taimake ta. Wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa?" Su lissafo: Malama, uwar ɗakin kwana, yayarta, gwaggonta. Kada a ce "Ƙurungus" sai yarinyar ta sami mafita ko da ƙarama ce.

Manyan ɗalibai za su ce sun girmi tatsuniya. Ba su akwati: kowa ya rubuta matsalar "wani abokina" ba suna, ya jefa. Ka tafi da su, ka tace, ka sake rubuta waɗanda za a karanta da hannunka, don 'yan aji ɗaya sun san rubutun juna. Mako na gaba a ciro ɗaya, rukuni ya ba abokin shawara. Ga 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, yawancin takardun a kan zaɓen kimiyya ko fasaha ko kasuwanci za su faɗo, da uban da ya rantse sai ɗansa ya zama likita.

Zama na biyar: 'Yar gala-gala ta zango

Zana gidajen da alli, kowane gida mako biyu ne, na ƙarshe jarrabawar Disamba. Yaro ya jefa dutse, ya yi tsalle zuwa gidan, ya faɗi abu ɗaya ƙarami da zai yi kafin lokacin. "Zan zo na ɗaya" ba ya shiga. "Zan ɗaga hannu sau ɗaya a darasin Turanci" ya shiga. Ya zaɓi aboki ɗaya da zai riƙa tuna masa. Samarin da suka ce wasan mata ne, a haƙa musu gurabun dara su tura dutse.

Waɗanda za a bari

Duk wasan da ake ɗaure ido, ko a faɗa baya wani ya tare, ko a yi ihu ba zato a ce kowa ya gudu, a ajiye shi. Yaran jihar nan sun ji labarin ɗaliban Bethel Baptist da aka sace a Yulin 2021 da na Kuriga a Maris 2024, wasu kuma ba labari suka ji ba, daga ƙauyukansu aka koro su da dare. Ba ka san wanda ke zaune a da'irarka ba tukuna. Haka "zana iyalinka" da "faɗa mana inda ka je hutu": na farko yana tona maraya da ɗan sakakkiya, na biyu yana tona wanda ya yi hutunsa a bakin titi da farantin talla. Langa da duk wasan da ake fitar da wanda ya faɗi su tsaya a filin wasa, don wanda ake fara fitarwa galibi shi ne wanda aka kafa rukunin dominsa.

In aji guda aka ba ka

Wani lokaci ba rukuni za a ba ka ba, aji ne mai yara 70 da darasi ɗaya. Kasa su benci-benci. Sararin sama ya koma ɗaga yatsu, 1 rana, 4 hazo, a ƙirji ba a sama ba. Kwandasta ya koma miƙewa da zama. Tatsuniya kuwa kowane benci ya kawo jimla ɗaya. Amma a aji ba a zurfafawa, ba kuma a alkawarin sirri. Amfaninsa ka hango waɗanda za ka gayyata ƙaramin rukuni.

Bayan an tashi

Rufe kowane zama iri ɗaya: ƙwallo ya zagaya, kowa ya faɗi kalma ɗaya da zai tafi da ita. Da sun fita, ka rubuta layi biyu a kan kowane yaro a littafin da ke kulle a durowa, abin da ka gani da abin da ya faɗa, ba hasashenka ba. Malamin aji zai tare ka ya ce, "Me yaron nan yake faɗa a wurinku?" Amsar ita ce yana zuwa kuma yana ƙoƙari, in akwai abin da malamin zai iya yi, kamar dawo da shi bencin gaba, ka roƙe shi wannan kawai.

A mako na shida ka zauna da littafin ka raba yaran uku: waɗanda suka warware za a sallama, waɗanda za su ci gaba, da waɗanda lamarinsu ya wuce makaranta. Na ukun nan ba a jira da su mako na shida in alama ta fito tun da wuri. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko ya daina ci da barci, a kira iyaye a ranar, a haɗa su da likita; asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa. In fyaɗe ne ko lalata, shugaban makaranta ya sani nan take, a kai yaron cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, akwai a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, a kuma sanar da jami'an walwalar jama'a. In wanda ake zargi ɗan gidan ne, ba gidan za a fara kira ba. Lambobin wayar waɗannan wurare su kasance a shafin farko na littafinka tun kafin ka kira zaman farko.